Kafin Sikirin Ya Kawo Haske

Tsakanin danna maɓallin kunna kwamfuta da bayyanar tambarin Windows ko na Linux akwai 'yan daƙiƙu da ba mu cika lissafa su a bakin komai ba. Fanka ta ɗauki ƙara, sikirin na nan baƙi ƙirin, sai sunan kamfani ya gilma ya wuce. A cikin wannan ɗan tsakanin ne wata ƙaramar manhaja, da ke kwance cikin wata 'yar ƙwaya baƙa a jikin bod, take yin aikin da ido ba ya gani. Ita ke tada furosesa, ta daidaita ram, ta ƙirga duk kayan da ke jone, ta lalubo faifan da babbar manhaja take, sannan ta miƙa mata ragama. Masu gyara suna ce mata BIOS har gobe, ko da yake sunanta na takarda ya sauya tuni. Duk abin da kwamfuta za ta zama a hannunka, daga nan yake farawa. Wannan tarihin mutanen da suka ce ba su yarda mafarin ya zauna a kulle ba ne.

Gary Kildall ne ya raɗa sunan BIOS a 1975, cikin manhajarsa ta CP/M. Amma siffar da duniya ta gada daga IBM ta fito, a kwamfutar da ya fitar a watan Agustan 1981. Tsarin mai sauƙi ne. BIOS ta tanadi wasu ƙofofi masu lamba: in babbar manhajar DOS na son karanta faifai sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 13h, in rubutu za ta yi a sikirin sai ta 10h. In lokacin tashi ya yi, BIOS ta ɗebo bayit 512 na farkon faifai, ta duba ko sun ƙare da alamar 55 AA, ta ajiye su a adireshin 7C00, ta ce bismillah. IBM ya buga rubutun BIOS ɗin ɗungurungum a littafin bayanin na'urar, kowa na iya karantawa, amma haƙƙin mallaka ya hana a kwafa. Compaq ya rubuta tasa da ke aiki iri ɗaya, sannan a 1984 Phoenix ya fito da wadda yake sayar wa duk mai so. Dabarar da suka yi ita ce raba aiki biyu: wasu su karanta na IBM su bayyana abin da take yi, wanda bai taɓa ganinta ba ya rubuta sabuwa daga wannan bayanin. Daga nan kasuwa ta koma hannun Phoenix da Award da AMI, kuma su ba su buga nasu rubutun ba.

Abin lura a nan, wanda zai dawo ya dami kowa daga baya, shi ne cewa ba ƙa'idar da ke rubuce kaɗai aka kwaikwaya ba. Har ɗabi'un BIOS ɗin IBM aka kwafa, da kurakuranta, domin manhajojin kasuwa sun riga sun saba da su. Shekara bayan shekara ana ɗora sabo kan tsoho. Furosesa ta girma ta ninka ƙarfinta sau dubbai, amma duk ranar da aka kunna ta sai ta farka tamkar ta 1978, da bit 16, ba ta ganin abin da ya wuce megabayit ɗaya.

Ba masu kwamfutar tebur ne suka fara gajiya ba. A 1999, a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke jihar New Mexico a Amurka, Ron Minnich yana fama da gungun kwamfutoci da aka haɗa su yi lissafi tare. Injinan ba su da sikirin, ba su da kibod, jere suke a kanta. Amma BIOS ɗinsu an rubuta ta ne da tunanin akwai mutum zaune a gabanta. Inji ya tsaya yana jiran a danna F1, alhali ba kibod. Za a sauya saiti ɗaya, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sikirin a kan amalanke. Mai inji biyu zai iya haƙuri, mai ɗaruruwa kuwa aikin mako ne. Minnich ya lura cewa Linux, da zarar ta tashi, ba ta cika komawa ga BIOS ba, ita ke sake binciken kayanta da kanta. To me ya hana a cire BIOS ɗin, a zuba Linux a cikin ƙwayar, a bar 'yan layuka kaɗan da za su shirya mata fili? Sunan aikin ke nan, LinuxBIOS.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi, kuma wahalar farko ita ce ram. Lokacin da furosesa ta farka, ram bai fara aiki ba tukuna. Sai an karanta wata 'yar ƙwaya da ke jikin kowane sandan ram, wadda ke faɗin girmansa da saurinsa, sannan a saita mai kula da shi daidai wa daida. Kuma duk wannan aikin dole a yi shi ba tare da wurin ajiya ba, kamar a ce maka ka gina rumbu alhali hatsin na rungume a hannunka. Manhajar da aka rubuta da harshen C tana bukatar ram kafin ta yi ko motsi. Eric Biederman, wanda ke aiki da kamfanin Linux Networx, ya rubuta wani mai fassara na musamman da ya kira romcc, wanda ke juya C zuwa umarnin da ba ya taɓa ram, sai 'yan aljihunan cikin furosesa kawai. Daga baya aka gano hanyar da ta fi: a lallaɓa ma'ajiyar kusa da ke cikin furosesa ta zama ram na wucin gadi har a gama shirya na gaske. Da wannan dabarar ake aiki har yau. Ga kuma matsalar takardu, domin kamfanonin ƙwayoyi da yawa ba sa ba da bayanin kayansu sai an sa hannu kan alkawarin rufe baki, abin da ba ya tafiya da aikin da aka ce a buɗe yake.

Ya kamata a tsaya a kalli yadda ake gwajin a wancan zamani, don a san irin mutanen da ake magana a kai. Ka rubuta sabuwar manhaja ka zuba a ƙwaya, in da kuskure ɗaya inji ba zai tashi ba, kuma da injin ne kake rubuta ƙwayar. Don haka sai a tada kwamfuta da ƙwayarta ta asali, tana kunne, wuta na gudana, a sa ɗan ƙarfe mai baki biyu a zaro ƙwayar daga gurbinta, a danna wata a wurin, a rubuta gwajin a kanta. Hannu ya karkace, ƙafa ta taɓa ƙafa, bod ya tafi. In an sake kunnawa sikirin ba ya nuna komai, sai dai a jona waya daga bayan injin zuwa wata kwamfutar ana karanta abin da yake faɗa layi-layi. In ko wannan bai samu ba, akwai ɗan kati da ake sokawa a bod mai nuna lamba biyu kacal, lambar matakin da aka tsaya. Mutum ya kwana yana kallon lamba biyun nan.

Duk da haka abin ya yi aiki. An kai ga tada Linux cikin daƙiƙa uku. A 2002 gungun MCR na cibiyar Lawrence Livermore, mai injina 1,152, wanda Linux Networx ya haɗa, ya hau mataki na biyar a jerin kwamfutocin da suka fi ƙarfi a duniya, kuma da LinuxBIOS yake tashi. Sai dai Linux ta yi ta ƙiba, ƙwayoyin kuwa yawancinsu kilobayit 256 ne. An ɗan yi amfani da wata ƙwaya mai faɗi da ake kira DiskOnChip, amma ba kowane bod ke karɓarta ba. Wannan matsi ne ya haifi tsarin da ya zama ƙashin bayan aikin: manhajar ta shirya kayan inji kawai, sannan ta miƙa wa wani ɗan goyo da ke tare da ita cikin ƙwayar. Goyon zai iya zama Etherboot mai ɗauko manhaja ta hanyar sadarwa, ko FILO mai ɗaukowa daga faifai, ko wani abu dabam da ba a ƙirƙira ba tukuna.

A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, domin tada Linux a gungun lissafi jarrabawa ce da ɗalibi ya ga tambayoyinta. Rubutun Linux a buɗe yake, in ta ƙi tashi sai a karanta a ga abin da take nema, in ta kama ma a gyara ta. Kwamfutar tebur wata duniya ce. Mai ita yana son ya ga hoto tun daga farko, kibod ya amsa, in ya rufe murfi ta yi barci, in ya buɗe ta farka. Kuma mafi yawan mutane Windows suke so, wadda ba mai iya leƙa cikinta. Ɗan shirin da ke ɗora Windows 2000 yana ƙwanƙwasa tsoffin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya: ta faifai, ta sikirin, da ta 15h inda yake tambayar taswirar ram. LinuxBIOS ba ta da ko ɗaya, da gangan aka zubar da su.

A Jami'ar Maryland aka fara ɗinke wannan ɓaraka. Adam Sulmicki da Adam Agnew, tare da malaminsu William Arbaugh, sun duba sun ga akwai wata buɗaɗɗiyar BIOS da ba wanda ya yi tunaninta. Ita ce ta cikin Bochs, kwamfutar kwaikwayo da Kevin Lawton ya fara rubutawa, wadda ke gudana cikin wata kwamfutar. BIOS ɗin Bochs ba ta taɓa ganin ƙarfe na gaske ba, amma ta san amsar kowace ƙofa. Sai suka rubuta wani siririn gada da suka kira ADLO: LinuxBIOS ta shirya kayan inji, ADLO ta kwaso bayanin ram ta ajiye inda ake nema, ta mai da furosesa yanayin bit 16, ta miƙa wa BIOS ɗin Bochs. A 2002 Windows 2000 ta tashi a kan injin da ba BIOS ɗin kamfani a cikinsa. Aikin da aka fara don a rabu da BIOS ya gano cewa ba za a shiga gidajen mutane ba sai an sake rubuta ta. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Sun gane ne cewa yarjejeniyar da ke tsakanin inji da babbar manhaja sabo ne na shekara ashirin, kuma sabo ba a goge shi da hujja.

Sikirin ma da nasa rikicin. Kowane katin hoto yana zuwa da tasa ƙaramar manhaja a rufe, wadda ke sa ran akwai BIOS ta gargajiya a kusa da za ta amsa mata. Maganin da aka samu shi ne a gudanar da ita cikin kwaikwayo, da wani kayan aiki mai suna x86emu, a riƙa amsa mata abin da take son ji har ta kunna sikirin. Sai bayan shekaru da yawa aka rubuta buɗaɗɗiyar hanya ta kunna hoton Intel kai tsaye.

Amma babban dutsen shi ne ACPI. Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da wannan tsari a 1996. Maimakon ƙofofi, manhajar tashi za ta bar wa babbar manhaja wasu jadawaloli, wasunsu ma ƙananan manhajoji ne da aka rubuta da wani harshe na musamman. A ciki ake bayanin komai na wannan bod ɗin: wane layi ne ke kai kiran wace na'ura ga furosesa, yadda ake karanta batir, a wane zafi fanka za ta tashi, me za a yi in an danna maɓallin wuta. Kowane bod da nasa, kuma sai an rubuta da hannu. Linux mai haƙuri ce, in ta ga kuskure sai ta yi ƙorafi a rubuce ta wuce. Windows kuwa sai ta tsaya cak, sikirin ya koma shuɗi da lambar A5. Daga Windows Vista ma ta daina karɓar injin da ba shi da ACPI sam. Mutum zai ga Linux na gudu lafiya lau a bod ɗinsa, ya sa faifan Windows, ya gane jadawalinsa cike yake da ramuka. Wani abin da ke nuna inda ƙarfi yake: in jadawalin ya tambayi Linux wace ce ita, amsawa take yi cewa ita Windows ce, domin kamfanoni da Windows kaɗai suke gwada kayansu, kuma hanyar da aka gwada ita ce mai lafiya. Ma'auni na gaskiya bai zama littafin ƙa'ida ba, ya zama abin da Windows ta yarda da shi.

A 2007 Yinghai Lu, injiniya a AMD, ya fitar da rubutun da ya sa LinuxBIOS ta hau Gigabyte GA-M57SLI-S4, bod ɗin tebur da kowa zai iya shiga shago ya saya. A shekarar ce kuma aka gwada 'yan koren kwamfutocin yara na shirin OLPC a makarantar firamare ta Galadima a Abuja. Shirin ya fara da LinuxBIOS kafin ya koma Open Firmware na Mitch Bradley, wadda ita ma a buɗe take. A 2008 aka sauya sunan aikin zuwa coreboot, tunda Linux ta daina zama cikin ƙwayar tun tuni. A shekarar nan dai Kevin O'Connor ya ɗauki BIOS ɗin Bochs ya sake gina ta yadda za a harhaɗa ta da gcc, sanannen mai fassara C, mafi yawanta da C mai karantuwa. Ita ce SeaBIOS. Da ita a matsayin goyo Windows XP da Vista da 7 suka riƙa tashi a kan coreboot ba tare da dabarun ADLO ba. Daga ƙarshen 2009 QEMU, wani shirin kwaikwayon kwamfuta, ya ɗauke ta ta zama BIOS ɗinsa, wanda ke nufin tarin kwamfutocin kwaikwayo a manyan rumbunan intanet da ita suka yi ta tashi, masu su ba su ma san sunanta ba.

Ana gama cin wannan jarrabawa aka sauya manhajar karatu. Intel ya daɗe yana gina magajin BIOS, wanda ya fara da injinan Itanium, ya zama UEFI a 2005. Da Windows 8 ta fito a 2012 sababbin kwamfutoci suka koma kansa. Sa'ar da aka yi ita ce Intel ya riga ya buɗe babban ɓangaren rubutun tun 2004 da sunan TianoCore. Sai aka ɗaure shi a bayan coreboot a matsayin sabon goyo. Wannan ma ya ci shekaru kafin ya nuna, musamman wajen ajiye saituna cikin ƙwayar ta yadda ba za su ɓace in an kashe wuta ba.

Wanda ya kai coreboot hannun miliyoyin mutane shi ne Google. Minnich da Stefan Reinauer, ɗaya daga cikin dattawan aikin, duk sun koma can, kuma daga 2012 kwamfutocin Chromebook masu furosesar Intel suka fara zuwa da coreboot. Chromebook Pixel na 2013 har da SeaBIOS a ɓoye, in ka buɗe yanayin masu gwaji ka danna Ctrl da L. Sai dai an gina su ne don ChromeOS kaɗai, kuma kowace na da ranar da za a daina sabunta ta. A nan Matt DeVillier, wanda aka fi sani da MrChromebox, ya shigo. Ya riƙa harhaɗa coreboot da TianoCore don samfuri bayan samfuri, yana gyara jadawalin ACPI har Windows ta gamsu, wani mai suna CoolStar kuma yana rubuta direbobin sauti da na faifan yatsa da babu su. A tsoffin samfura aikin na farawa ne da sukurudireba: ka kwance bayan injin, ka nemo wani ƙusa guda mai faffaɗan kai da ke zaune kan zoben tagulla a tsage biyu. Shi ke haɗa zoben ya hana rubutu a ƙwayar. Ka cire shi, ƙofa ta buɗe. Irin waɗannan injinan na hannu suna shigowa kasuwanninmu da araha, kuma duk wanda ya ga ɗaya tana gudu da Windows ko cikakkiyar Linux, akwai yiwuwar wannan aikin ne a ƙarƙashinta.

Ba zan ɓoye abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. A daidai lokacin da aka iya tada kowace babbar manhaja, ƙasan da ake tsaye a kai ta fara zamewa. Tun 2006 Intel ya dasa wata ƙaramar furosesa ta biyu a cikin kayansa, Management Engine, mai tata manhaja a rufe da sa hannun kamfani. A ThinkPad X200 ana iya share ta gaba ɗaya, a injinan da suka biyo baya kuwa in ka share ta kwamfutar na kashe kanta bayan minti 30. Shirya ram, aikin da Biederman da abokansa suka sha wuya a kai, ya koma wani dunƙulen da Intel ke bayarwa a rufe da sunan FSP, coreboot ta kira shi ta jira ya gama. AMD ya buɗe nasa rubutun na AGESA a 2011, bayan 'yan shekaru ya daina. Sannan ga Boot Guard, inda mai ƙera kwamfuta ke ƙona mabuɗinsa cikin ƙarfen, ta yadda injin ba zai karɓi wata manhajar tashi ba. Leah Rowe ta kafa Libreboot a 2013 don a samu coreboot da ba dunƙule ko ɗaya, aka fara da ThinkPad X60, inji na 2006. Tsufan wannan injin kaɗai ya isa ya nuna tsadar tsarkin da ake nema. Wasu na ganin karɓar FSP cin amana ne, wasu na ganin in an ƙi shi aikin zai zama gidan tarihi. Ni ina tare da na biyun, amma na farkon ne suka hana a manta da abin da aka rasa.

Kamfanoni irin su Purism da System76 da Star Labs sun zaɓi tafiya da dunƙulen, suna sayar da sababbin kwamfutoci da coreboot a ciki. A 2022 kuma kamfanin 3mdeb da ke Gdańsk a ƙasar Poland ya ɗora nasa rarrabawar, Dasharo, a kan MSI PRO Z690-A, bod ɗin tebur na zamaninsa mai ɗaukar furosesar Intel ta zubi na 12. Ubuntu ta tashi a kansa, Windows 11 ma ta tashi, duk da sharuɗɗanta na UEFI da TPM 2.0. Shekara ashirin cif ke nan bayan tashin Windows 2000 a Maryland. A wannan bod ɗin jadawalin ACPI a buɗe suke, goyon UEFI a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara ya sake zubawa. Ram kuwa har yanzu FSP ke shirya shi. A 2023 AMD ya sanar da openSIL, sabon rubutu a buɗe da zai maye gurbin AGESA wajen tada furosesa da kayan da ke kewaye da ita, kuma coreboot na cikin manhajojin da aka fara gwada shi da su.